Neman tallafin ofishin jakadanci don ceto littattafan kakanmu da soron da suke ciki

Jikan Alƙali, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san yadda ake neman tallafin da ofisoshin jakadancin ƙasashen waje suke bayarwa domin adana kayan tarihi, musamman asusun jakadun Amurka da nake jin ana ambata.

Gidanmu yana cikin birnin Zazzau. Kakan mahaifinmu alƙali ne, kuma ya bar littattafan hannu masu yawa: akwai na fiƙihu da nahawu, akwai kwafin wasu rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Malam Abdullahi na Gwandu, akwai waƙoƙin wa'azi na Hausa da aka rubuta da ajami, sannan akwai wasiƙu da takardun shari'a na zamaninsa. Wasu suna cikin gafaka, wasu cikin akwatunan ƙarfe, dukkansu kuwa a wani tsohon soro na ƙasa mai daurin guga wanda shi da kansa ya sa aka gina. Gara ta riga ta shiga akwati ɗaya, bangon gabas ya tsage, kuma duk damina sai rufin ya yi yoyo. Tun da wani ɓangare na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a watan Agusta na 2023 har aka rasa rayuka, hankalin dattawan gidanmu bai kwanta da wannan soron ba, wasu ma suna ganin a rushe shi a yi na bulo.

Mu jikoki mun kafa ƙungiya, mun yi mata rajista, muna tara abin da ya sawwaƙa duk wata, amma abin da muke tarawa ba zai ɗauki aikin ba. Shin ƙungiya irin tamu tana iya neman wannan tallafi? Shin ana iya haɗa gyaran ginin da adana littattafan a buƙata ɗaya? Kuma kasancewar yawancinsu littattafan addini ne, ba zai sa a ƙi mu tun daga farko ba? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Hajiya Ma'adana, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ji ƙan magabata, ya kuma ba ku ladan wannan niyya. Na yi shekaru ina aikin adana takardu, kuma na zauna a kwamitin da ya rubuta irin wannan buƙata, don haka zan faɗi abin da na sani, ko da wani ɓangarensa ba zai yi daɗin ji ba.

Asusun da kake nufi shi ne wanda ake taƙaita sunansa da AFCP. Ya fara aiki a 2001 bisa umarnin majalisar dokokin Amurka, Ma'aikatar Harkokin Wajensu ce take riƙe da shi, kuma ya tallafa wa ayyuka fiye da 1,000 a ƙasashe fiye da 130. A 'yan shekarun nan mafi yawan abin da ake ba aiki ɗaya shi ne dala 500,000, mafi ƙanƙanta kuwa ya kasance dala 10,000 a wasu shekaru, 25,000 a wasu. A Nijeriya ya shiga aikin wani wurin ibada na dajin Osun-Osogbo, ya kuma shiga aikin ganuwar Sungbo Eredo ta ƙasar Ijebu. Ofishin jakadanci ne yake fitar da sanarwa, galibi wajen ƙarshen shekara, a fara da gajeriyar takardar bayanin manufa tare da hotuna da ƙiyasin kuɗi. Ofishin ya zaɓi waɗanda zai tura Washington, sannan waɗanda suka tsallake a nemi su kawo cikakkiyar buƙata. Sharuɗɗan suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, balle yanzu da gwamnatin Amurka ta sake fasalin tallafin da take bayarwa a waje tun daga 2025, saboda haka sanarwar shekarar da za ku nema ita ce abin dogaro.

Batun addini ba shi ne matsalarku ba. Asusun ya gyara masallatai da majami'u da littattafan addini a ƙasashe da dama. Abin da ake so kawai shi ne hujjar da za a kawo ta zama ta tarihi, ko ta fasahar gini, ko ta ilimi, ba ta ibada ba. Wasiƙun alƙali da takardun shari'arsa shaida ce kan yadda aka gudanar da mulki da ciniki da gado a Zazzau, waƙoƙin ajami kuwa tarihin harshen Hausa ne a rubuce. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma gaskiya ce, ba sai kun yi mata ado ba.

Inda za ku ci karo da bango shi ne mallaka. Asusun ba ya kashe kuɗi kan kayan da suke mallakar mutum ko iyali ko kamfani, kuma sharaɗin ya fito fili cewa ko an fara shirin mayar da kayan hannun jama'a, muddin ba a kammala ba lokacin da aka miƙa buƙata, ba za a duba ba. To littattafanku da soronku, a yadda ka bayyana su, gado ne. Rajistar ƙungiya ba ta mayar da su mallakar ƙungiya ba, sai in magada sun zauna sun sanya hannu. Na ga ayyuka masu kyau sun mutu a nan, domin akwai ɗan'uwa ɗaya a Legas ko a Jidda da ba a tuntuɓa ba, ranar da ya ji an ambaci dala sai ya ce yana da haƙƙi, kuma a shari'a yana da shi. Shawarata ita ce tun kafin ku rubuta ko layi ɗaya, ku tara magada maza da mata, ku yanke ko za a mayar da littattafan da soron wakafi a ƙarƙashin amintattu, tare da ƙa'idar yadda ɗalibai da masu bincike za su riƙa shiga su karanta, a rubuta, a yi shaidu, masarauta ta sani. Sannan ku rubuta wa sashen hulɗa da jama'a na ofishin jakadancin a Abuja ku bayyana tsarin da kuka zaɓa, ku tambaya ko ya cika sharaɗin, domin su ne za su kare buƙatarku a Washington.

Abu na biyu, ana duba ko mai nema ya taɓa riƙe aiki irin wannan ya fita lafiya. Sabuwar ƙungiya da ba ta taɓa karɓar tallafi ba da wuya ta yi nasara ita kaɗai, amma ku a Zariya kuke, Jami'ar Ahmadu Bello tana kusa da ku, tana da sashen tarihi da na tsara gine-gine, tana kuma da tarin littattafan hannu da aka fara tattarawa tun shekarun 1960. Arewa House da ke nan Kaduna, wadda ita ma ta jami'ar ce, ta shirya babban taro kan littattafan Larabci da ajami tare da ofishin jakadancin Amurka a 2007, wato ƙofar ba baƙuwa ba ce a gare su. Ku nemi ɗaya daga cikinsu ta zama ita ce mai nema, ku ku zama abokan aiki da sunanku a cikin yarjejeniya. Za kuma a buƙaci takardar izini daga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa kula da kayan tarihi, har da littattafan hannu da aka rubuta kafin 1918.

Ɗan Magina, Kano

Malam, ina roƙonka da girman Allah ka faɗa wa dattawa kada a rushe soron, kuma kada a yaɓe shi da siminti da sunan taimako. Ni mai zanen gine-gine ne, mahaifina kuwa magini ne na ƙasa, kuma abin da ya fi kashe tsofaffin gine-ginenmu a wannan zamani ba ruwan sama ba ne, gyara ne marar sani.

Ginin ƙasa yana shan laima yana fitar da ita. Idan aka rufe shi da siminti, laimar da ta taso daga ƙasa ko ta shiga ta tsaga ba ta da hanyar fita, sai tubalin ya jiƙe a ciki, azara ta ruɓe, gara ta sami wurin zama, a waje kuwa bangon yana nan fes har ranar da zai zube gaba ɗaya. Haka ya faru da Masallacin Larabanga na arewacin Gana: an yaɓe shi da siminti a shekarun 1970, ya yi ta lalacewa a ɓoye, sai da aka sanya shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 2002, aka ɓamɓare simintin duka, maginan garin suka mayar masa da yaɓen ƙasa. Masu duba buƙatu sun san wannan labari da ire-irensa, don haka in suka ga buhunan siminti a kasafin gyaran soron ƙasa, sun gane cewa ba a tuntuɓi masani ba.

Game da tambayarka ta haɗa gini da littattafai, ana iya yi, amma ka san cewa asusun ba ya biyan sabon gini, ba ya biyan ƙarin ɗaki, ba ya kuma biyan sake gina abin da ya riga ya rushe bisa zato. Abin da yake biya shi ne tsayar da abin da ke tsaye: binciken lafiyar ginin, ɗinke tsaga, sauya azarar da ta mutu, gyaran rufi da indararo, sabon yaɓe da laso ko makuba, da koyar da matasa aikin. Wannan na ƙarshe ku ba shi muhimmanci. Zazzau ce garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830, kuma har yanzu akwai zuriyar magina da suka san daurin guga da bakan gizo, sai dai suna tsufa, yaran kuma sun koma bulo domin a can kuɗi yake. Buƙatar da ta nuna sunan aikin da tsofaffin magina za su yi, da adadin matasan da za su koya a hannunsu, ta fi wadda ta ɗauko ɗan kwangila daga nesa ƙarfi.

Za a kuma tambaye ku wa zai riƙa kula da ginin bayan kuɗin ya ƙare. Soron ƙasa yana son a duba rufinsa kafin kowace damina, a sabunta yaɓensa lokaci zuwa lokaci. Kuɗin da kuke tarawa duk wata, wanda kake ganin ya yi kaɗan, shi ne amsar wannan tambaya, ku rubuta shi a fili.

Malamin Birni, Damagaram

Ina gaishe ku duka. Mu a nan Damagaram mun ɗanɗani irin abin da kuke tsoro, domin a daminar 2024 tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Don haka ba na cikin masu cewa a zauna a jira.

Amma ina da abin da nake so Malam ya yi tunani a kansa kafin ya miƙa hannu. Ƙasar da take ba da irin wannan kuɗi tana yi ne domin ta gyara sunanta a idon jama'a, kuma ba ta ɓoye hakan ba, shi ya sa ake son jakada ya zo buɗe aiki a ɗauki hoto. Wannan ba laifi ba ne in an sani an kuma yarda. Abin da ya fi damuna shi ne hotunan littattafan. A cikin takardun alƙali akwai shari'un aure da saki da bashi da bauta, da sunayen mutanen da jikokinsu suke raye a unguwa ɗaya da ku. A cikin gafakar malamai kuma sau da yawa akwai takardun asiri da na magani waɗanda mai su bai rubuta domin kowa ya gani ba. Idan aka ɗauki hoton komai aka sa a intanet, ba a iya janyewa. Wa zai yanke abin da za a buɗe da abin da za a rufe?

Kuma kada ku tsaya kan Amurka kaɗai, domin dangantakar gwamnatoci tana sauyawa, mu nan Nijar mun gani tun bayan juyin mulkin Yuli na 2023. Ma'aikatar Harkokin Wajen Jamus tana da shirin adana al'adu tun 1981, kuma ta ofishin jakadancinsu ake nema. Akwai gidauniyar kare kayan tarihi ta ALIPH da ke Janiba, wadda Faransa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka jagoranci kafawa a 2017 domin wuraren da rikici ya shafa. Darasin Timbuktu shi ne abin da nake yawan tunawa: a 2012 da 2013, lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin, iyalai ne da kansu suka kwashe littattafansu a akwatuna zuwa Bamako, tallafin waje ya biyo baya ne ya tarar da mutanen da suka riga suka haɗa kansu a ƙungiya ɗaya, suka san abin da suka mallaka.

Ma'ajin Ƙungiya, Abuja

Zan tsaya kan takardu da kuɗi, domin nan ne aikina. Duk wanda zai karɓi kuɗin gwamnatin Amurka sai ya yi rajista a shafin SAM.gov ya sami lambar shaida da ake kira UEI, wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS a watan Afrilu na 2022. Rajistar kyauta ce, kada wani ya karɓi kuɗinku a kanta, amma tana iya cin makonni, musamman in sunan ƙungiya ko adireshinta ya bambanta ko da da harafi ɗaya tsakanin takardar rajista da ta banki, kuma ana sabunta ta duk shekara. In jami'a ce za ta nema a madadinku, ku tabbatar tata rajistar tana aiki tun kafin sanarwa ta fito.

A dala ake rubuta kasafi, a naira ake kashewa. Wanda ya yi lissafi a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya tarar da ita ta haura 1,500 a 2024, kayan aiki kuma sun tashi tare da ita. Ba a yarda a ware wani kaso a ce na ko-ta-kwana ne ba, don haka kowane layi sai an nuna yadda aka same shi: kuɗin magini a rana sau kwana nawa, azara nawa a kan nawa, kwalin adana takarda marar sinadari guda nawa. Ba a biyan abin da aka kashe kafin a sa hannu kan yarjejeniya. Ba dole ba ne ku kawo naku kason, amma in kun yi alkawarinsa ya zama bashi a kanku, sai kun nuna shi da rasit. Tsakanin miƙa takardar farko da shigowar kuɗi kuwa ana iya cin mafi yawan shekara, wato aƙalla damina ɗaya za ta same ku kuna jira.

Jikan Alƙali, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa baffanmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, duk abin da kuka rubuta. Ya amince a dakatar da maganar rushewa, ya kuma ce zai kira taron magada bayan salla, har da gwaggonninmu da ke aure a wasu garuruwa. Maganar wakafi ta kwanta masa, sai dai ya tsaya kan abin da Malamin Birni ya faɗa, ya ce takardun shari'a ba za su fita duniya ba yana raye. Hajiya, shin wannan zai rushe buƙatar tamu? Kuma mene ne za mu iya yi da hannunmu kafin damina, tunda kuɗin ba zai zo da wuri ba?

Hajiya Ma'adana, Kaduna

Ba zai rushe ta ba, Malam, kuma baffa yana da gaskiya. Asusun jakadun ya hana a fitar da kayan daga ƙasarsu ko da wane dalili, kuma ba ya biyan ɗaukar hoto zalla sai in yana cikin babban aikin adanawa, don haka ba hotuna ne ginshiƙin buƙatarku ba. Ku kasa littattafan kashi biyu a cikin takardar wakafin: waɗanda kowa zai iya karantawa, da waɗanda sai da izinin amintattu, ku kuma sa a yarjejeniyarku da jami'a cewa ba za a wallafa hoton komai ba sai da sa hannunku. Inda wannan sharaɗi zai yi karo da tsari shi ne shirin adana takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004. Shi yana karɓar tarin da ke hannun iyalai, asalin takardun kuma suna zama a ƙasarsu, amma hotunan da aka ɗauka ana sa su a intanet kyauta ga kowa. Ya dace da littattafan fiƙihu da waƙoƙin ajami in kun so, bai dace da takardun shari'a ba.

Kafin damina, ku fitar da littattafan daga soron zuwa ɗaki busasshe mai iska, ku ɗora su a kan katako ko kanta nesa da ƙasa da bango. Akwatin da gara ta shiga a ware shi dabam, kada a fesa masa maganin ƙwari, a kaɗe ƙurar da burushi mai taushi a inuwa, ba a rana ba. Kada a sa salatif, kada a manna da gam, kada a kai a rufe su da roba mai zafi, kada kuma a ɗaure su cikin leda, domin leda tana tara gumi. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, saboda haka duk wanda zai taɓa su ya bar su a jerin da ya same su; kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, ita za ta taimaka wa masani ya mayar da abin da ya rikice. Kowane kundi a naɗe shi da farin ƙyalle na auduga da aka wanke, a ba shi lamba a wata takarda dabam da fensir.

Sannan ku sami malami mai karanta rubutun magribi ya zauna da ɗaya daga cikin matasanku su rubuta jeri: lamba, sunan littafi in an gane, mawallafi, mai kwafi da shekara in ya rubuta a ƙarshe, yawan warƙa, da irin lalacewar da ta same shi. In aka ɗaga takarda ga haske aka ga tambarin jinjirin wata uku, a rubuta, domin irin wannan takarda daga Italiya aka riƙa kawo ta ta hamada, kuma tana taimakawa wajen ƙiyasta zamani. Ku ɗauki hotunan tsagar bango da rufin da akwatin da gara ta ci tun kafin ku taɓa komai, da kwanan wata a kan kowanne. Wannan jeri da waɗannan hotuna su ne za ku ɗauka ku kai jami'a ranar da za ku fara magana da su, kuma su ne ofishin jakadanci zai fara nema a zagayen farko.